Dokar Baffa da Ta Kai Har Yashe

Baffana, wan mahaifina, ya rasu bayan an gama yankan gero, ana tsakiyar ɗaurin dami. Wanda ya ba mu aronsa ya karɓi abinsa, mu ma da muka rage can muka nufa. Ina wurin aiki a Katsina babban ɗansa, wanda nake kira Yaya, ya buga mini waya, kuma tun daga yadda ya yi sallama na gane. Sai da na fara zuwa Yashe na ɗauko mahaifiyata, don haka kafin mu iso Kankia an riga an kai shi makwancinsa.

Gidan ya cika har waje. Daga cikin gida muna jiyo maganar maza a zaure da gindin darbejiya, abin da bai iso kunnenmu ba kuma mata masu shigowa gaisuwa su kawo mana. Akwai tsofaffin da suka yi aiki da shi a Kaduna, masu farin tabarau da ciwon gwiwa. Akwai manoman Fakuwa da suka zo goye da juna a kan babura, ga kuma 'yan kwamitin masallacin unguwa. Abin da ya sa ni dariya ina cikin hawaye shi ne kowa da labarinsa daban, amma duk labarin a kan tambaya ɗaya yake ƙarewa.

Ladanin masallaci ya ce ranar da kwamiti ya yanke cewa kada a ƙara ajiye abin hawa a bakin ƙofa, kowa ya ce madalla, har an shafa Fatiha za a tashi, sai Baffa ya ɗaga hannu. Wai wannan dokar a kan wa ta hau? Babur kaɗai, ko har keke? To keken guragu fa? Ranar Juma'a, ko kullum? Ladan ya ce wallahi ranar ya so ya ja tsaki, don la'asar a zaune ta same su. Amma ga shi yau gurgun unguwar yana turo kekensa har bakin ƙofa, ba mai ce masa kanzil.

Da aka kawo wa Gwaggo wannan labari, tana zaune a tabarma bakin madafarta da casbi a hannu, ko murmushi ba ta yi ba. Gwaggo yayar Baffa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tun rasuwar mijinta ta dawo gidan ubanta ta zauna. Ba ta kuka a gaban mutane. Ta dai girgiza kai ta ce, "Ya gama tambayar mutane, ya tahi inda shi za a tambaya. Allah shi ba shi ikon amsawa." Mata suka amsa da amin, wasu suna toshe baki da mayafi.

Ni kuwa ina zaune a cikinsu da wani abu da ya tsaya mini a rai. A but ɗin motata akwai buhu, cikinsa zangarniyar gero ce zaɓaɓɓiya daga gonar mahaifiyata a Yashe. Ita Innar tawa ce ta jefa shi ciki da za mu taho. Tun ina ƙarama, duk kaka sai mun kawo wa Baffa irin wannan buhu, shi kuma ya miƙa wa Gwaggo ta rataye tare da irin gidan. Yau ba Baffa, wa zan miƙa wa? Mahaifina ya riga Kakanmu rasuwa, saboda haka ba ni da ko taki ɗaya a gandun gidan nan, kuma na ji Yaya yana faɗa wa wani cewa bayan an share makoki za a raba gonaki kowa ya kama tasa. Buhun nan kaɗai ya rage tsakanina da gidan ubana. Ina tsoron in shigo da shi a yi mini godiya cikin ladabi, a ce ai ku riƙe abinku, wannan ya wuce. Daga ranar na zama baƙuwa mai zuwa gaisuwar salla. Sai na bar shi a mota.

Na zauna rubuta wannan ne don jikokinsa ƙanana, waɗanda abin da za su tuna kawai shi ne wani tsoho da ya hana su taɓa waya a wurin cin tuwo.

Baffa yana cikin yaran Kankia na farko-farko da suka taɓa kwamfuta. Har ya yi ritaya mutanen unguwa ba su san takamaiman aikinsa ba. In ya zo hutu sai a yi ta kawo masa matattun rediyo da agogo, alhali mutumin nan ko tocila ta lalace sai ya aika wa mai gyara. Aikinsa kula da ma'ajiyar bayanai ne a wata ma'aikata, wato inda ake tara sunayen ma'aikata da shekarun aikinsu da sauran abin da bai kamata ya ɓace ba. Ni ma yau aikin da nake yi ke nan, kuma ba sai an tambayi wanda ya ja ni ciki ba.

Lokacin da nake karatu, na zo hutu ina ta yi masa burga da sababbin abubuwan da aka koya mana. Ya bar ni na gama. Sannan ya ɗauki kara ya share ƙasa da tafin ƙafarsa, ya zana 'yar da'ira a sama ya ce wannan ita ce uwar na'ura. Ya ja layuka ƙasa ya ce waɗannan ma'ajiyu ne da ke cikinta. Ƙarƙashin kowace ma'ajiya ya zana teburan bayanai, ƙarƙashin kowane tebur ya yi ɗige-ɗige. Ya ce rubuta wa na'ura doka ba wuya, ko ɗalibin bara zai iya: ka faɗi abin da za ta duba, ka faɗi yadda kake so ta same shi. Inda ake gane gwani shi ne wurin da ya rataye ta. In ka rataye ta a sama, za ta gangaro kan duk abin da ke ƙasa, har wanda ba ka yi nufi ba, sai dai in ka toge shi da bakinka. In ka rataye ta a kan ma'ajiya ɗaya, maƙwabciyarta ba ta ma san ana yi ba. Dokar da aka yi don tebura kuwa tebura take nema, ta tsallake komai har ta same su. Ya buga karan a ƙasa ya ce kuma in riƙe wannan da kyau: doka gangarowa take yi, ba ta taɓa hawa sama. Kaza ta zo ta bi ta kan zanen, ya kore ta, ya sake zana inda ta ɓata.

Haka yake tafiyar da gidansa, har abin ya zama abin tsokana. Dokar waya a wurin cin abinci ta hau kan 'ya'yansa da jikoki da matan 'ya'yansa, ba ta hau kan baƙo ba sai in ya daɗe har an daina shimfiɗa masa sabuwar tabarma. Gwaggo kuwa da gangan take jiran a zuba tuwo, sannan ta kira wata ƙawarta a Kafinsoli ta buɗe murya suna hirar awaki. Jikoki suka kai ƙara. Baffa ya ce su yi haƙuri, ita a samansa take, dokarsa ba ta da tsanin da za ta hau ta same ta. Gwaggo ta ji, ta ƙara murya.

Ba zan ce zama da shi ba gajiya ba, don akwai. Mutum ne da in ka ce masa za ka yi abu, sai ya kwance maganar zare-zare har ka manta abin da ya kawo ka. Matarsa, Allah ya ba ta haƙurin takaba, ta taɓa cewa ko gishiri za ta ƙara a miya gara ta ƙara a ɓoye, don in ya ji sai ya tambaya ko miyar gidan duka ake nufi ko ta kwanonsa. Kuma bai iya maganar ƙauna ba ko kaɗan. Ban taɓa jin ya ce wa wani ya yi kewarsa ba. In ya damu da kai, bincikenka zai yi: me ka ci, wa ya duba tayar motarka, me ya sa ka rame. Na daɗe ina ɗauka takura ce.

Maganar iri kuwa ga asalinta. Kakanmu yana da wani gero da ya gada, mai doguwar zangarniya, mai jure ƙarancin ruwa, furarsa kuma fara tas. A wata shekara tun Baffa yana yaro, Kaka ya raba wa mutane iri da ruwan farko, sai ruwan ya ɗauke, shuka ta ƙone, aka zo sake shuka babu abin da za a zuba a rami. Tun daga nan ya kafa doka: irin gidan nan ba ya fita waje sai shukar gandu ta kama. Bayan haka a ba kowa. Gwaggo ce mai riƙon irin, a madafarta ake rataye shi hayaƙi yana dukansa don kada ƙwari su ci, kuma ta riƙe dokar nan kamar ita ta haife ta.

Da mahaifina ya rasu ina goye. Inna ta gama takaba ta koma wurin danginta a Yashe, ta tafi da ni. Gwaggo ta so a bar mata ni ta riƙe, ta roƙa, ta aika manya, Inna ta ce ba ta iya rabuwa da ni. Wannan abu ya zauna wa Gwaggo a zuciya. Ko sunan Inna ba ta kamawa, sai dai ta ce “waccan ta Yashe”. Inna kuma ba ta sake aure ba, ta kama gonar da mahaifinta ya yanka mata, da ita muke ci.

Ina 'yar firamare aka yi wata damina mai yaudara. Ruwa ya sauka da ƙarfi, kowa ya fita shuka, sai sama ta bushe ƙayau. Abin da Inna ta shuka ya tsiro ya mutu, kuma ba ta da sauran iri. 'Yan'uwanta ma haka. Ranar da hadari ya sake haɗowa ta saka mayafi ta kama hannuna muka hau motar Kankia. Yanzu da na girma na san abin da zuwan nan ya ci mata.

Mun tarar Baffa ya zo daga Kaduna hutun shuka. Inna ta durƙusa daga nesa ta gaishe shi, ta gaida Gwaggo, ta faɗi abin da ya kawo ta kanta a ƙasa. Gwaggo ba ta bari ta rufe baki ba. Ta ce ai dokar gidan nan ba ɓoyayya ba ce, gandu bai sake shuka ba balle ta kama, iri ba ya fita. Wanda ya ɗauki ƙafarsa ya fita daga gida ya san inda ya bar rumbu. In an kwana biyu shuka ta yi kyau, a dawo, za a ba su kamar yadda ake ba kowa. Kowa a wurin ya san in aka jira hakan lokacin shuka ya wuce.

Inna ta yunƙura za ta tashi, Baffa ya ce ta zauna. Ya juya wurin Gwaggo, cikin ladabin nan nasa mai ƙara tunzura mutum, ya ce shi bai ƙi dokar ba, ta ubansu ce, ta hau kansa kamar yadda ta hau kanta. Tambaya ɗaya gare shi: da Baba ya ce iri ba ya fita waje, ina ne wajen? Katangar gida? Ai gonakin gandu ma a bayan katanga suke. Gwaggo ta ce kada ya kawo mata iyayin boko, gandu gandu ne. Ya ce to madalla, su wa gandu yake ciyarwa? Ta ce 'ya'yan Baba da abin da suka haifa. Sai ya miƙo hannu ya jawo ni gabansa, ya dafa kaina, ya dubi yayar tasa.

"Wannan ɗiyar wa ce, Yaya?"

Gwaggo ta kawar da kai. Sai ya amsa wa kansa.

"Ɗiyar ƙanenmu ce. Ƙanenmu kuma ɗan Baba ne. Gonar da yarinyar nan take ci a cikinta tana ƙarƙashin gandu, ko a Yashe take ko a bayan Maradi. Irin nan ba fita zai yi ba, daga wannan gona zai koma waccan."

Gwaggo ta ce ya yi abin da ya ga dama, tunda shi ne namiji. Ta shiga madafa ta kwanto zangarniya ta zube a gaban Inna ba ta dube ta ba, ta shige ɗaki ta ja labule. An ce ta daɗe ba ta amsa gaisuwarsa da baki ba, sai da ka.

Inna ta fara godiya, Baffa ya ce ta dakata, bai gama ba. Tunda gonar Yashe ta shiga ƙarƙashin gandu, to dokar gandu ta hau kanta. Ba za ta ba kowa ko ƙwaya ɗaya ba sai shuka ta kama, a can da nan. In kaka ta yi kuma ta zaɓo zangarniya mafi kyau ta kawo a rataye da na gida, kamar yadda kowace gonar gandu take yi. Inna ta ce to.

Ba a yi nisa ba ta gane abin da ta amsa. Muna isa Yashe kawuna, ƙanenta da suke ciki ɗaya, ya zo neman ɗan abin da zai zuba a bakin gonarsa. Inna ta hana shi tana hawaye, ya tafi yana cewa ta zama 'yar Kankia. Kafin Baffa ya koma Kaduna kuma sai ga shi a kan babur ɗin aro, ya zo duba shuka. Ya zaga gonar kaf, ya ce ramukan sun yi kusa da juna, ya ce gefen kwari yana son taki, ya tambayi dalilin da ya sa ba ni da takalmi. Da ya tafi Inna ta riƙe haɓa ta ce, "Mun je roƙon iri, an haɗo mu da hakimi." Shekara da shekaru tana faɗin haka, kuma shekara da shekaru in ta ji ƙarar babur ɗinsa sai ta aika a kamo kaza.

Ta wannan ƙofa komai ya shigo. Tunda ina ƙarƙashin gandu, dokar gidan cewa kowane yaro sai ya gama sakandare ta hau kaina. Dokar zuwa Kankia hutun ƙarshen shekara ta hau kaina. Har dokar waya, da na yi wayar. Na yi ta ƙunƙuni, ina ganin 'yan'uwana na Yashe ba mai takura musu. Shi kuwa bai taɓa cewa taimakona yake yi ba, kullum maganarsa ita ce doka ce, ba yadda zai yi.

Sai da na fara aiki ya ba ni wani labari, muna zaune a zaure yana ɓare gyaɗa. Ya ce a ma'aikatarsu an taɓa buɗe wa wani ƙaramin reshe ma'ajiya a kan wata na'ura ta gefe, aka manta ba a saka ta cikin rukunin da dokoki suke bi ba. Kowace safiya in ya duba, sauran ma'ajiyu suna ta nuna ja, wannan ta saɓa kaza, waccan ba a yi mata kaza ba, ana ta kiran mutane ana faɗa. Ta reshen nan kuwa shiru, ba ta taɓa nuna laifi ba, don ba ta ma fitowa a allon. Mutanen reshen har alfahari suke yi su ba mai damunsu. Ran nan na'urar ta mutu. Aka nemi kwafin ajiya, babu, domin dokar da ke tilasta a yi kwafin ba ta taɓa isa can ba. Bayanan masu gadi da masu shara ne a ciki, mutanen da ba su da wata shaida ta shekarun da suka yi suna aiki. Ya ce ya daɗe yana ganin tsofaffin nan suna zuwa suna zama a bakin ofis. Ba shi ya kafa na'urar ba, ba wanda ya tuhume shi, amma shi ya san bai taɓa tambaya ko akwai abin da ke waje ba. Ya watsa ɓawon gyaɗar ya ce, "Wanda ya karya doka ba ya ba ni tsoro, ana ganinsa. Wanda doka ba ta san da shi ba, shi ne abin tsoro." Na tambaye shi yaushe aka yi haka. Ya ce da ranin da ya gabaci daminar nan da muka zo neman iri, sannan ya ce in miƙo masa buta.

Tun daga ranar, duk lokacin da na zo gaishe shi sai ya tambaye ni ko na duba abin da ba ya cikin rukuni. Zuwana na ƙarshe yana kwance, damina ta yi nisa, muryarsa ta yi ƙasa. Ya yi mini tambayar, na ce na duba. Ya tambaya ko geron Yashe ya fitar da kai, na ce ya fitar. Ya ce a gaya wa Inna kada ta bari tsuntsaye su riga ta zaɓe. Maganarmu ta ƙarshe ke nan, kuma ina kewarsa, ina kewar takurar nan ƙwarai.

Gwaggo dai ba ta taɓa saukowa ba, a iya sanina. Duk shekara in Baffa ya miƙa mata buhunmu sai ta zazzage, ta juya kowace zangarniya, ta taɓe baki ta ce na Yashe ƙanana ne. Sannan ta rataye su can ƙarshen sanda, kusa da ƙofa, da ɗan rata tsakaninsu da na gida. Na girma ina ganin ratar nan. Shi ya sa na tabbata don Baffa kawai take karɓa.

Bayan an yi sadakar uku mutane suka fara raguwa, ni ma aiki yana jirana. Na shiga na yi wa matar Baffa sallama, na yi wa Yaya, Inna ta riga ni fita ta zauna a mota. Na zo na durƙusa gaban Gwaggo na ce za mu koma, Allah ya ƙara haƙuri. Ta dafa bango ta miƙe da ƙyar, ta ce in biyo ta.

Madafar tana nan yadda na san ta, bango baƙi ƙirin, wuta tana ci a murhu. A sama an riga an rataye sabon iri na gonakin gandu, Yaya ya kawo tun Baffa yana kwance. Gwaggo ta ɗaga sandarta ta nuna.

"Ina na Yashe?"

Na ce, Gwaggo, ai na ga Baffa ba ya nan, kuma na ji za a raba gonaki, shi ya sa na ɗauka maganar ta wuce.

Ta dube ni sama da ƙasa kamar na zo da wani shirme.

"Dokar ta Baffanki ce? Ta ubanmu ce. Shi dai ya faɗi inda ta kai, kuma ta kai. Su raba gonaki su ga in ƙasa za su shuka. Yayanki ma nan zai zo ya durƙusa ya karɓi iri, kamar ke. Ko kin ci bana ne kin hana mu?"

Na ce yana mota. Ta ce mota ce za ta yi mashi hayaƙi? In tashi in ɗauko, in kuma ce wa waccan ta Yashe ta shigo ta sha ruwa, ba a zama a mota a ƙofar gidan mutuwa.

Na fita da sauri ina goge ido. Inna ta ga na buɗe but, ta fito ta gyara mayafi ta biyo ni. Gwaggo ta zazzage buhun a tabarma, ta bi zangarniyar ɗaya bayan ɗaya, ta taɓe baki ta ce ƙanana ne kamar kullum. Inna ta ce ruwan bana ne. Gwaggo ta ce kullum ruwa ne. Sannan ta ce ita yanzu ba ta iya hawa, in jawo kujera in rataye da kaina.

Na hau, na nufi ƙarshen sanda kusa da ƙofa, inda na saba ganinsu. Sai na ji sandarta a ƙafata.

"Ba nan ba. Matsa da na gidan, ki sa a tsakiya. Hayaƙi ya fi kaiwa can."

Na matsa da su, na fara ɗauri. Daga sama ina jin ta tana jan hanci, karo na farko tun da aka yi rasuwar, tana cewa Allah shi jiƙan shi, mai yawan tambaya, Allah shi sa ya huta, shi haskaka kabarinsa, shi haɗa shi da iyayensa da ƙanensa. Inna tana amsawa da amin, ni ma ina amsawa, hayaƙi yana shiga idona ban damu in kare ba.

Da na sauko ta ɗaga kai ta duba ɗaurin, ta ce bai yi ƙarfi ba, in koma in ƙara. Na koma na ƙara. Ta ce kuma in ruwa ya sauka in zo da wuri in karɓi na gonarmu, kada in kuskura in ba kowa ko ƙwaya ɗaya sai shuka ta kama.

Na ce to, Gwaggo.